Mai ɗaukar hoto a cikin ayarin makaɗa

A shekarar 1975 Mick Jagger, jagoran ƙungiyar makaɗan nan ta Ingila mai suna Rolling Stones, ya nemi Annie Leibovitz ta shiga ayarinsu a rangadin da za su yi a Amurka, ta zama mai ɗaukar hotonsu. A lokacin shekarunta 25 da 'yan watanni, kuma ita ce babbar mai ɗaukar hoto ta mujallar Rolling Stone (suna ne kawai ya zo ɗaya, mujallar ba ta makaɗan ba ce). Editanta, Jann Wenner, ya gargaɗe ta kada ta je, domin ya ga waɗanda suka bi irin wannan ayari suka dawo da jarabar ƙwaya. Ta tafi. Har da sandar wasan tanis ta saka a kayanta, tana zaton za ta sami sararin motsa jiki a masaukai.

Rangadin ya fara a Baton Rouge a farkon watan Yuni, ya ƙare a Buffalo cikin Agusta. Abin da 'yan kallo suka gani shi ne dandamali mai siffar fure yana buɗewa, da fitilu, da ƙugin jita. Ita kuwa sauran sa'o'in yini ta gani: jirgin sama, ɗakin otal, zaman jira, da daren da ba a kwanciya sai gari ya waye. A nan ne, a ganina, darajar aikinta take. Ta ɗauki Keith Richards a galabaice, barci ya kada shi inda ba wurin barci ba. Ta ɗauki hannun Jagger da ɗinkin likita bayan gilashi ya yanke shi a Montauk, inda suka yi atisaye. Akwai kuma hotonsa a cikin lif, sanye da rigar wanka, tawul naɗe a kai, fuska a ƙoshe da gajiya. Baƙon da aka ba minti goma ba zai taɓa samun waɗannan ba. Sai wanda aka saba da shi har aka daina ganinsa.

Amma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Leibovitz ta ɗauka cewa hanyar samun hoto na gaskiya ita ce ta narke cikin mutanen, ta yi abin da suke yi. Ƙwayar da editanta ya ji mata tsoro ta kama ta, kuma da bakinta ta ce sai da ta shafe kimanin shekara 8 kafin ta fita daga wannan rangadi na wata biyu.

Akwai tambayar da nake yawan yi wa ɗalibaina idan muka zo kan waɗannan hotuna: wanda ayari ya ɗauka aiki, yake ci a akushinsu, shaida ne ko ɗan amshi? Makaɗan sun riga sun nuna iyakar haƙurinsu. A rangadinsu na 1972 sun bar Robert Frank ya ɗauki fim na abin da ke gudana bayan fage. Da suka ga abin da ya fito, sai suka nufi kotu, aka taƙaita nuna fim ɗin, aka kuma sharɗanta cewa sai Frank yana wurin da kansa. Hotunan Leibovitz ba su gamu da wannan ba. Sun nuna gajiya da rauni, amma ta fuskar da ke ƙara wa tauraro kwarjini, kuma ina jin makaɗan sun gane haka sarai.

A 1983 ta bar mujallar ta koma Vanity Fair, inda akasarin hotunanta suka zama na shiri, da fitila, da mataimaka, da lokacin tashi aiki.