Digirin kula da ɗalibai: Sana'ar da ake koyo a jami'o'in Amurka

A kusan kowace babbar jami'a a Amurka akwai wata wayar salula da ba a kashewa, dare da rana. Ma'aikatan da ke kula da ɗakunan kwanan ɗalibai ne ke karɓa-karɓar riƙe ta.

Idan ta yi ƙara da ƙarfe biyun dare, ba a sa ran jin alheri. Ko dai ɗalibi ya yi tatul ya sume, ko faɗa ya kaure tsakanin abokan ɗaki, ko kuma wata ta kulle kanta tana cewa ta gaji da duniya.

Sau da yawa wanda zai ɗaga wayar shi ma ɗalibi ne da ke karatun digiri na biyu, bai fi masu kiran da shekara uku ko huɗu ba. Abin da yake karantawa a aji kuwa shi ne ainihin wannan aikin: yadda ake tafiyar da harkokin ɗalibai a manyan makarantu.

Fannin ya ƙunshi kusan duk abin da ke faruwa da ɗalibi bayan ya fito daga lakca: masauki, tarbar sabbin ɗalibai, ladabtarwa, ƙungiyoyi, shawarwarin zaɓen kwas, taimakon masu buƙata ta musamman, kula da baƙi daga ƙetare da kuma shirin neman aiki bayan kammalawa.

Yadda aikin ya zama sana'a

A farkon tarihin kwalejojin Amurka, shugaban makaranta da malamansa ne ke tsaye kan tarbiyyar ɗalibai, tamkar iyaye. Da makarantu suka bunƙasa, malamai suka karkata ga bincike, sai aka fara naɗa mutane na musamman domin ɗaukar wannan nauyi.

A 1892 sabuwar Jami'ar Chicago ta naɗa Alice Freeman Palmer shugabar kula da ɗalibai mata. Irin waɗannan matan ne suka fara neman a ba su horo na musamman, kuma Kwalejin Horar da Malamai ta Jami'ar Columbia da ke New York ce ta fara buɗe musu kwas a shekarun 1910.

Takwarorinsu maza sun yi taronsu na farko a 1919, wanda daga baya ya zama ƙungiyar NASPA. Ɗaya babbar ƙungiyar masu wannan aiki, ACPA, ta samo asali ne a 1924.

A 1937 Majalisar Ilimi ta Amurka ta fitar da wata takarda da har yau ake karantar da ita a zangon farko na wannan digiri. Saƙonta shi ne: ba ƙwaƙwalwar ɗalibi kaɗai jami'a ta karɓa ba, ta karɓi mutum ne sukutum, da lafiyarsa da aljihunsa da damuwarsa da imaninsa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, dokar 1944 da ta ɗauki nauyin karatun tsofaffin sojoji ta cika jami'o'i maƙil. Zuwa 1947 kusan rabin ɗaliban manyan makarantun ƙasar tsofaffin sojoji ne, wasunsu da mata da 'ya'ya. Ba yara ba ne da za a tsawata wa kawai. Suna buƙatar gida, da shawara, da wanda ya san abin da yake yi.

Darussan da aka koya da tsada

Yawancin abin da ake koyarwa a wannan fanni a yau wata masifa ce ta haife shi.

A 1960 Kwalejin Jihar Alabama ta kori wasu ɗalibai baƙar fata saboda sun shiga zaman dirshan na adawa da wariyar launin fata a birnin Montgomery. Ba a saurare su ba kafin korar. A 1961 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke hukuncin cewa makarantar gwamnati ba ta da ikon korar ɗalibi sai ta sanar da shi laifinsa ta kuma ba shi damar kare kansa. Daga nan tsarin da ke kallon jami'a a matsayin uwa da uba ya fara rushewa.

A 1986 wani ɗalibi ya yi wa Jeanne Clery, mai shekara 19, fyaɗe ya kuma kashe ta a ɗakinta a Jami'ar Lehigh. Fafutukar iyayenta ce ta kai ga dokar 1990 da ta wajabta wa jami'o'i wallafa alƙaluman laifukan da ake aikatawa a harabarsu duk shekara.

A 2007 wani ɗalibi ya harbe mutum 32 a Jami'ar Virginia Tech. Bincike ya gano cewa malamai da ma'aikata daban-daban sun ga alamun damuwa tattare da shi, amma babu wanda ya haɗa bayanan wuri guda. Bayan haka ne jami'o'i da dama suka kafa kwamitocin da ke zama a kai a kai domin bibiyar ɗaliban da aka ga halinsu ya sauya.

Me ake koyarwa?

Digirin kan ɗauki shekara biyu, kuma yawanci yana ƙarƙashin tsangayar ilimi. Daga cikin jami'o'in da suka yi suna a kansa akwai Indiana da Bowling Green da Michigan State da Maryland da Vermont. Ba a cika damuwa da abin da mutum ya karanta a digirin farko ba. An fi duba ko ya taɓa jagorantar ƙungiya ko taimakawa a ɗakin kwanan ɗalibai.

Kashin bayan karatun shi ne nazarin yadda matashi ke girma a shekarun jami'a. Ana karanta aikin Arthur Chickering na 1969, wanda ya zayyana fuskoki bakwai na wannan girma, ciki har da iya sarrafa zuciya, dogaro da kai da sanin inda aka dosa a rayuwa.

Ana karanta Vincent Tinto, wanda tun 1975 ya yi bayanin cewa ba ƙarancin basira kaɗai ke sa ɗalibi barin makaranta ba. Wanda bai yi aboki ba, babu malamin da ya san sunansa, bai kuma ji cewa wurin nasa ba ne, ya fi saurin tattara kayansa.

Akwai kuma ƙa'idar Nevitt Sanford, wadda ke cewa ɗalibi na buƙatar ƙalubale da tallafi daidai wa daida. Ƙalubale ya yi yawa, ya karaya. Tallafi ya yi yawa, ya sangarce.

Sai darasin shari'a, wanda ke ba baƙi mamaki. A ƙarƙashin wata doka ta 1974, uba ba shi da 'yancin kai tsaye na ganin sakamakon ɗansa da ke jami'a sai da izinin ɗan, in ban da wasu keɓaɓɓun yanayi. Wata dokar ta 1972 ta haramta nuna bambancin jinsi a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, kuma a ƙarƙashinta ake sauraron ƙorafe-ƙorafen cin zarafi. Jami'in da ya yi kuskure a nan yana iya jawo wa makarantarsa ƙara a kotu.

Sauran darussan sun haɗa da dabarun sauraro da ba da shawara, kasafin kuɗi, tarihin ilimi mai zurfi da kuma yadda ake auna ko wani shiri ya yi amfani ko ɓarnar kuɗi ce kawai.

Aiki da rana, aji da yamma

Abin da ya bambanta wannan digiri da sauran shi ne rabinsa a bakin aiki ake yin sa. A jami'o'i da yawa, samun gurbin karatu na tafiya ne tare da samun aikin wucin gadi na kimanin awa 20 a mako a ɗaya daga cikin ofisoshin jami'ar.

A madadin haka, ana yafe wa ɗalibin kuɗin makaranta, duka ko wani kaso, a kuma ba shi alawus. Wanda aka tura ɗakunan kwana kan samu ɗaki kyauta a cikin ginin, wani lokaci har da abinci. Shi ne kuma ke kwana da waccan wayar.

Don haka abin da aka tattauna a aji ranar Talata, ana iya cin karo da shi a zahiri daren Laraba. A ƙarshen shekara ta biyu kuma ɗalibai kan halarci manyan tarukan ɗaukar aiki, inda mutum zai iya yin ganawa da jami'o'i da dama cikin 'yan kwanaki.

Inda gizo ke saƙar

Sai dai ba a nan take ba. Albashin farawa a wannan aiki ƙarami ne idan aka kwatanta da wasu ayyukan da ke buƙatar digiri na biyu, ga aikin dare da na ƙarshen mako. Wani ƙiyasi da aka daɗe ana ambato a rubuce-rubucen fannin na cewa kusan rabin sabbin ma'aikata kan bar aikin cikin shekara biyar na farko.

Annobar korona ta ƙara dagula lamarin. A 2020 waɗannan ma'aikata ne suka kwashe ɗalibai daga ɗakuna cikin gaggawa, suka kula da waɗanda aka killace, kuma da yawansu sun koma kamfanoni bayan lafawar cutar.

Siyasa ma ta shigo. A 2023 jihohin Texas da Florida sun kafa dokokin da suka taƙaita ayyukan ofisoshin da ke kula da daidaito tsakanin jinsuna da launin fata a jami'o'in gwamnati, lamarin da ya kai ga rufe ofisoshi da asarar ayyuka a 2024.

Akwai kuma masu sukar da ke ganin jami'o'in Amurka sun cika ɗaukar ma'aikatan ofis, abin da suke alaƙantawa da tsadar karatu. Masu kare fannin na mayar da martanin cewa ɗalibin da ya bar makaranta da bashi a wuyansa babu takarda a hannu, shi ne asarar da ta fi kowacce.

Ina Najeriya ta tsaya?

Jami'o'in Najeriya ma suna da sashen harkokin ɗalibai. Bambancin shi ne yadda ake samar da masu riƙe shi. Bisa al'ada, shugaban jami'a kan zaɓo malami, masanin sinadarai ne ko na tarihi ko injiniya, ya naɗa shi shugaban sashen na wani wa'adi, galibi yana ci gaba da koyarwa. Ma'aikatan da ke ƙarƙashinsa kuma yawanci daga ofishin magatakarda ake turo su, kuma gobe ana iya mayar da su wani sashen.

Da yawa daga cikinsu sun yi rawar gani da haƙuri da dattako da sanin halin mutane. Amma a bakin aiki suke koyo, kuma idan wa'adi ya ƙare, sukan tafi da abin da suka koya, wanda ya gaje su ya faro daga tushe.

Nauyin kuwa ba ƙarami ba ne. A watan Mayun 1986, taƙaddama tsakanin hukumar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da shugabannin ɗalibai kan matakin ladabtarwa ta kai ga shigar 'yan sanda harabar jami'ar, inda aka rasa rayuka, zanga-zanga kuma ta bazu zuwa wasu jami'o'in ƙasar.

A watan Satumban 2023 'yan bindiga sun sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, yawancinsu mata, daga gidajen haya a Sabon Gida da ke wajen makarantar. Tsaro aikin gwamnati ne, amma sanin inda kowane ɗalibi ke kwana, da wanda za a kira idan wani abu ya faru, aikin sashen harkokin ɗalibai ne.

Ga matsalar shaye-shaye, da ƙungiyoyin asiri, da cin zarafin ɗalibai mata, da tsadar rayuwar da ke sa wasu shiga aji da yunwa. Tun 2024 kuma an ƙara da bashin karatu na asusun NELFUND, wanda ɗalibai ke buƙatar mai yi musu bayaninsa.

Abin da ya fi kusa da wannan horo a jami'o'in ƙasar shi ne digiri na biyu a fannin ba da shawara da jagoranci, da kuma na gudanar da harkokin ilimi, waɗanda ake yi a jami'o'i irin su Bayero da Ahmadu Bello. Sai dai an fi gina su a kan makarantun firamare da sakandare.

A wasu sassan nahiyar an fara matsawa gaba. Afirka ta Kudu na da ƙungiyar manyan jami'an harkokin ɗalibai, kuma tun 2013 ake wallafa mujallar bincike ta musamman kan harkokin ɗalibai a Afirka.

Ga mai sha'awa

Wanda ke tunanin zuwa Amurka domin wannan karatu, akwai abubuwan da ya kamata ya auna.

Na farko, ya nemi gurbin karatu da aikin wucin gadin a lokaci guda, domin shi ne ke rage tsadar. Yawancin jami'o'i na rufe karɓar takardu tsakanin Disamba da Janairu, su yi ganawa a Fabrairu ko Maris.

Na biyu, fannin ba ya cikin rukunin kimiyya da fasaha da ake ƙara wa lokacin zama, don haka izinin aiki bayan kammalawa shekara ɗaya ne kacal. Ƙa'idojin bizar ɗalibai kuma sun tsananta ga 'yan ƙasashen Afirka da dama.

Na uku, ba duk abin da aka koya can ne zai zauna daram a nan ba. An gina yawancin nazarce-nazarcen farko a kan matasan Amurka, inda ake ɗaukar cin gashin kai daga iyaye a matsayin alamar girma. Ɗalibin da ya fito daga Gumel ko Maraɗi, wanda dangi suka yi karo-karo suka biya masa kuɗin rajista, girmansa na tafiya ne tare da iyaye, da malamansa na addini, da nauyin ƙannen da ke jiran ya gama.

Abin da za a iya ɗaukowa ba tare da wani kwaskwarima ba shi ne tushen tunanin: kula da dubban 'ya'yan mutane da aka tara wuri guda ilimi ne da ake koya kafin a fara, kamar yadda ake horar da likita kafin a miƙa masa mara lafiya. Uban da ya sauke 'yarsa da akwatinta a ƙofar jami'a ya juya gida, yana da haƙƙin sanin cewa idan ta shiga matsala da tsakar dare, akwai lambar da za ta kira, kuma wanda zai ɗauka ya san abin da zai yi.