Tarakta A Tafin Hannu

Ranar da wani abokin aikina ya shigo ɗakin karatuna na gida ya tarar da ni sunkuye a kan tebur, tabarau a karan hanci, ina fama da hantsaki domin manna wani ɗan guntun roba da bai wuce ƙwayar shinkafa ba, bai ce uffan ba sai da ya zauna. Can ya nisa ya ce, "Dakta, yanzu yajin aikin ne ya kai mu ga haka?" Muka yi dariya. To amma bayan ya tafi tambayar ta ci gaba da yi mini yawo a rai, domin na san abin da ke ƙarƙashinta: magidanci mai iyali, wanda ya haura shekara arba'in, mai koyar da ilimin kimiyyar harshe a jami'a, me ya haɗa shi da wasan yara?

Wannan kuwa ya faru ne a farkon yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas. Abin da abokin nawa ya tarar ina haɗawa shi ne ɗan ƙaramin samfurin tarakta, ƙirar Ferguson TE20, wanda kamfanin Heller na ƙasar Faransa ke sayarwa a kwali, gunduwa-gunduwa, mai saye ya haɗa da kansa ya yi masa fenti. Ma'auninsa 1/24 ne, wato kowane santimita ɗaya a jikinsa yana wakiltar santimita 24 a jikin taraktar gaske. Ita ta gasken tsawonta ya kusa mita uku, saboda haka tawa ba ta wuce santimita 12 ba. A tafin hannu take zama. Na sayo kwalin ne shekaru kafin nan a wata tafiya da na yi zuwa taron masana harshe, na jefa shi saman kabad, na manta da shi.

Kafin mai karatu ya yanke mini hukunci irin na abokina, yana da kyau ya san wace ce wannan tarakta. Wanda ya ƙirƙiro ta, Harry Ferguson, ɗan manomi ne daga arewacin tsibirin Ailan, an haife shi a 1884, ya mutu a 1960. An riƙa ƙera TE20 a birnin Coventry na Ingila daga 1946 zuwa 1956, kuma an yi fiye da rabin miliyan. Launi ɗaya gare ta, ruwan toka, shi ya sa Faransawa ke kiran ta Petit Gris, wato 'yar ƙarama mai ruwan toka. Da irinta guda uku Edmund Hillary da mutanensa suka ratsa ƙanƙara suka isa ƙuryar kudancin duniya ranar 4 ga Janairu, 1958. Haka kuma haɗewar kamfanin Ferguson da na Massey-Harris a 1953 ita ce ta haifar da Massey Ferguson, jar taraktar nan da duk wanda ya tashi a karkarar Arewa ya sani. Ke nan abin da ke kan teburina kakar tantan ɗin da muka riƙa bi a guje muna yara ce.

Duk wannan ana iya karanta shi a littafi cikin minti biyar. Abin da ba a samu a littafi ba shi ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Idan ka buɗe kwalin, abin da za ka tarar shi ne wasu firamomi na roba, kowane da ƙananan sassa maƙale a jikinsa kamar 'ya'yan itace a reshe, kowane sashe da lambarsa. Sai takardar bayani, wadda kusan babu kalma a cikinta, sai zane da lambobi da kibiyoyi. A matsayina na mai nazarin harshe wannan ya burge ni, domin takarda ɗaya ce Bafaranshe da Bajapane da Bahaushe za su karanta, kowa ya fahimta. Kayan aikin ma ba su da yawa: abin yanke farce domin ciro sassa, reza da samfefa mai laushi domin goge kaifin da ya rage, hantsaki, gam, da buroshi. Shi gam ɗin ba irin wanda muka saba da shi ba ne. Narkar da fuskar robar yake yi kaɗan, sassan biyu su haɗe su zama abu guda, kamar walda. Saboda haka in ka manna ba daidai ba, ko ɗigo ɗaya ya sauka inda ba a so, to tabon ya zauna ke nan. Har yanzu akwai shatar babban yatsana a gefen murfin injin, in ka san inda za ka duba.

Darasin farko ya zo mini ne tun a mako na farko. Na yi ta neman firam ɗin da za a ɗora injin a kai, irin na mota, ban gani ba. Na ɗauka an manta ba a sa mini a kwalin ba. Ashe ita wannan tarakta ba ta da shi sam. Injin da giyabos da kaskon da ke riƙe da tayoyin baya su ake ɗaurewa da notuna, ɗaya a bayan ɗaya, su zama ƙashin bayanta. Na yi shekara fiye da talatin ina ganin tarakta, ban taɓa lura da haka ba, sai da na riƙe sassan uku a hannu na rasa inda zan ɗora su.

Darasi na biyu ya fi wannan girma. A bayan taraktar akwai wasu sanduna uku, biyu a ƙasa, ɗaya a sama, waɗanda a samfurin ba su fi tsinken sakace kauri ba. Sun ba ni wahala ƙwarai, har na karya ɗaya na sake mannawa. Wahalar ce ta sa na tsaya na tambayi kaina, wai mene ne amfaninsu? Amsar ita ce dukan dalilin da ya sa ake tunawa da Ferguson. Kafin shi, jan garma tarakta ke yi a baya kamar yadda shanu ke ja. In garmar ta ci karo da dutse ko saiwa ta cije, tayoyin baya kuwa suna ci gaba da juyawa, sai gaban taraktar ya ɗaga sama, wani lokaci ta kife ta baya a kan direba. Mutane da yawa sun mutu ta haka. Dabarar Ferguson ita ce ya haɗa garmar da taraktar a wuri uku, su zama jiki ɗaya. Sandunan ƙasa biyu suna ja, na sama kuwa tura shi ake yi, domin duk lokacin da ƙasa ta yi wa garma turjiya, kan garmar gaba yake son tuntsurawa. Wannan turin shi ke danne gaban taraktar kada ya ɗaga, nauyin garmar da na ƙasar da take kamawa kuma ya koma kan tayoyin baya su ƙara cizon ƙasa. Bugu da ƙari, akwai sifirin a inda sandan saman ya haɗu da taraktar, wanda in turin ya yi yawa zai taɓa famfon mai, garmar ta ɗan ɗago da kanta, in ƙasa ta yi laushi ta koma. Da wannan ne tarakta mai nauyin tan ɗaya da 'yan kai ta riƙa yin aikin da a da sai ƙatuwa. Ferguson ya nuna wa Henry Ford wannan dabara a 1938, suka ƙulla yarjejeniya da musafaha kawai, ba takarda, abin da daga baya ya kai su gaban kotu. Har gobe kusan kowace taraktar noma da wannan tsari take aiki.

Na sha zama a taruka inda ake ta maganar zamanantar da noma, ni ma na sha tofa albarkacin bakina. Sai ga shi ban san yadda ake ɗaura garma a bayan tarakta ba.

Fenti kuwa wani babi ne daban, kuma a nan ne na gane cewa waɗanda suka tsara takardar bayanin ba su san yanayinmu ba. Na fara shafa fentin farko a ƙarshen hunturu, na bar shi ya bushe a bakin taga, da safe na tarar ƙura ta yi masa lulluɓi, ya zama kamar samfefa. Dole na goge na sake, daga nan na koyi kifa masa roba mai murfi da zarar na ajiye buroshi. Da bazara ta shigo kuma sai fentin, wanda irin mai narkewa da ruwa ne, ya riƙa bushewa a bakin buroshi kafin ya isa jikin robar. Maganin shi ne a tsinka shi sosai, a shafa siriri sau uku ko huɗu maimakon sau ɗaya mai kauri, kuma a yi aikin da sassafe kafin rana ta ɗaga.

Da na gama, sai na kai wa wani dattijo maƙwabcinmu, wanda ya yi shekaru yana tuƙa tarakta a ma'aikatar gona kafin ya yi ritaya. Gaskiya yabo na je nema. Ya karɓa, ya jujjuya ta a hannu, ya daɗe yana kallon bayanta. Sannan ya ce, "Malam, wa ya sa maka tayoyin nan?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

Ya ce, "To ai ka juya su. Wannan in ta shiga taɓo, nan za ta kwana."

Ya nuna mini cewa zanen da ke jikin tayar baya kamar kan kibiya yake, kuma in ka dube ta daga sama tsinin kibiyar gaba ya kamata ya kalla, domin ta riƙa watsar da laka gefe tana juyawa. In aka juya ta, tara lakar za ta yi a tsakiya har tayar ta zama sulɓi. Takardar bayanin ta nuna haka a zane, ni ne ban ɗauke shi a bakin komai ba.

Daga nan hira ta ɓarke. Ya riƙa taɓa sassan da ɗan yatsa yana kiran sunayensu: lagireto, kafireto, fulogi, salansa, kuloci, totur, sitiyari. Sandunan ƙasa biyu kuwa hannuwa yake ce musu. Waɗannan kalmomi ne da nake kawo wa ɗalibaina misali da su a aji, ina nuna musu yadda Hausa ba ta yarda baƙaƙe biyu su haɗu a farkon gaɓa ba, sai ta cusa wasali a tsakani, kamar yadda ta yi wa ita kanta kalmar tarakta. Na san siffar kalmomin, na san asalinsu, na san ƙa'idar da ta sauya su. Amma da za a buɗe mini murfin inji a ce in nuna kafireto, da na ji kunya. Shi kuwa bai taɓa jin wata ƙa'idar gaɓa ba, kuma kowace kalma a wurinsa tana da nauyi da zafi da wari.

Shi ne ma ya ce taraktar tawa ta cika tsabta, ba ta yi kama da wadda ta taɓa shiga gona ba. Ya nuna mini inda fenti ke fara gogewa, wato wurin taka ƙafa da gefen kujerar ƙarfe, da inda mai ke tsattsafowa a ƙasan inji ƙura ta manne ta yi baƙi, da inda zafi ke sa salansa tsatsa. Na koma gida na tankaɗe jar ƙasa da rariya, na dama da ruwa da ɗan gam, na shafa a tayoyi da ƙasan jiki. Masu wannan sha'awa a Turai garin launi na musamman suke saye domin kwaikwayon ƙura. Ni a ƙofar gida na ɗebo tawa.

Yanzu bari in koma kan tambayar abokina. Ina ganin wani ɓangare na matsalar a harshe yake. Duk abin da babba ya yi da hannunsa ba domin kuɗi ba, kalmar da ta fi saurin zuwa bakinmu ita ce wasa, wasa kuwa na yara ne. In domin kuɗi ne sai mu ce sana'a, ita kuma da yawa daga cikinmu 'yan boko mun ɗauka ta waɗanda ba su yi karatu ba ce. Tsakanin biyun ba mu bar wani fili ba. Saboda haka babu mai ganin laifin farfesa in ya kwashe awa biyu yana kallon ƙwallon Ingila, ko ya raba dare yana latsa waya, amma a gan shi da samfefa a hannu sai a fara tambaya ko lafiya. Alhali kuwa mu ne yaran da suka ƙera motar kara da ta langa-langa, muka yanka tsohon silifa muka yi taya. A wani wuri tsakanin firamare da digiri na uku aka raba mu da hannuwanmu, kuma ba mu yi gardama ba.

Sai dai ba zan yaudari kaina ba. Wannan taraktar ba za ta yi kunya ko ɗaya ba, kuma kuɗin kwalinta da fentinta, a canjin yau, ba abin da zan ba kowane ma'aikaci shawarar ya kashe ba ne. Hasali ma yaron da ya yi motar kara ya fi ni, domin shi ya duba mota ya auna da ido, ya zaɓi kayan aiki, ya ƙera. Ni haɗawa kawai na yi, bisa tsarin da wani ya zana a Faransa. Bambancin haɗawa da ƙerawa ba ƙarami ba ne, kuma ƙasar nan ta san shi: a ƙarshen shekarun 1970 an kafa masana'antar Steyr a Bauchi, inda aka riƙa haɗa taraktoci da manyan motoci da sassan da akasarinsu daga waje ake kawowa, kuma da kuɗin shigo da sassan ya yi wuya aikin ya durƙushe.

Kwalina bai zo da garma ba. Sandunan nan uku da suka ba ni wahala suna nan a bayan taraktar, ba su riƙe da komai. Da na faɗa wa Baba, sai ya share ƙasa da tafin hannu a ƙofar gidansa, ya zana mini garma mai baki biyu da tsinke, ya nuna mini inda kowane hannu ke kamawa. Na auna, na raba da 24, na yanko gwangwanin madara. Ta farko ta fi taraktar faɗi. Ta biyu ta yi daidai, amma da na kai masa ya ce bakinta ya miƙe da yawa, ba za ta kifar da ƙasa ba, tsaga ta kawai za ta yi. Ta uku tana kan tebur, na lanƙwasa baki ɗaya, saura ɗaya.