Maganar Ɗaki: Wa Ke Tambaya, Wa Ake Gaya Wa?

Ranar kasuwa a Birnin Gwari, tun kafin ka sauka daga mota muryarsa za ta tarye ka. Wata tsohuwar mota ce da amsa-kuwwa ɗaure a kanta, an buɗe but an jera jarkoki da ƙulle-ƙullen gari a leda. Mai maganin na riƙe da makirfo yana zayyano cututtuka: basir mai tsiro, sanyin mara, ciwon baya, raunin maigida. Irin kalmomin da yake saki, da ɗanka ne ya furta ɗaya a gida sai ka gwaɓe masa baki. Dattawa na wucewa suna kawar da kai kamar ba da su ake ba. Amma ka ɗan jira la'asar, kasuwa ta fara watsewa. Wanda ya kawar da kai ɗazu shi ne zai zagayo ta bayan motar, ya miƙa kuɗi a dunƙule, ya cusa ƙulli a aljihun babbar riga, ya yi gaba ba ko waiwaye.

Mai amsa-kuwwar nan shi ne likitan auratayyar yawancinmu. Shi na tuna lokacin da na ci karo da wani wasan kwaikwayon talabijin na Amurka mai suna Masters of Sex, wanda tashar Showtime ta nuna daga 2013 zuwa 2016, zango huɗu, kashi 46. Bari in faɗa tun da wuri: ba fim ba ne da za ka kunna a falo, akwai tsiraici a cikinsa da yawa, kuma ba tallarsa nake yi ba. Labarin da aka gina shi a kai ne ya tsaya min a rai.

William Masters likitan mata ne da haihuwa a Jami'ar Washington da ke birnin St. Louis. A tsakiyar shekarun 1950 ya lura cewa likitanci ya san yadda ake fitar da jariri, amma bai san komai ba game da abin da ke faruwa a jikin mace da namiji lokacin saduwa. Kafin shi Alfred Kinsey ya yi wa dubban mutane tambayoyi ya fitar da rahotanni a 1948 da 1953, sai dai wannan abin da mutane suka faɗa da baki ne. Masters aunawa yake so ya yi, da na'urar bugun zuciya da ta hawan jini. Ya fara shi kaɗai, ya gane cewa ba zai fahimci ɓangaren mata ba sai da mace a gefensa. A 1957 ya ɗauki Virginia Johnson, bazawara mai 'ya'ya biyu, wadda ko digiri ba ta da shi. Ita ce ta iya magana da mutane har su saki jiki. Littafinsu na farko ya fito a 1966, bisa binciken mata 382 da maza 312, inda suka kasa abin da jiki ke yi gida huɗu: motsuwar sha'awa, tsayuwarta a sama, inzali, sannan komawar jiki yadda yake. Suka nuna cewa namiji na buƙatar hutu kafin ya sake, mace kuwa ba lalle ba, kuma tsufa ba ya kashe sha'awa, rage mata sauri kawai yake yi.

Hanyar da suka bi, wato sa mutane a ɗakin gwaji ana kallonsu, ba abin da wani Musulmi zai amince da shi ba ne, ni ma ban amince ba. Ko a can an soke su: waɗanda suka yarda a kalle su ba su ne wakilan sauran jama'a ba, littafinsu na 1979 kuma ya jawo shakku mai yawa kan gaskiyar alƙalumansa. Su biyun sun yi aure a 1971, auren ya mutu bayan shekara ashirin da 'yan kai. Wasan ma, da Michelle Ashford ta tsara daga littafin Thomas Maier na 2009, ya ƙara gishiri, ya ƙirƙiro mutanen da ba su taɓa wanzuwa ba.

Abin da ya fi amfani a aikinsu yana cikin littafi na biyu, na 1970, kuma babu na'ura a cikinsa. Sun ce idan kwanciyar aure ta samu matsala, mara lafiyar ba mijin ba ne, ba matar ba ce, zaman ne. Don haka tare ake ganinsu, kuma masu ba da shawarar su ma biyu ne, mace da namiji, domin kowa ya samu wanda zai fahimci bakinsa. Mako biyu ake yi. Sun bayyana yadda tsoron gazawa ke haifar da gazawar kanta: namiji ya kasa sau ɗaya saboda gajiya ko damuwa, gobe ya zo yana sa wa kansa ido, fargabar ta hana jini zuwa inda ake buƙatarsa, sai ya sake kasawa. A nan wurinmu sunan wannan "an ɗaure shi", sai a fara lissafin wace kishiya ce ko wace tsohuwar budurwa. Sun kuma bayyana wata lalura ta mata, inda tsokokin gaba ke tsukewa da kansu ba da son mace ba har saduwa ta gagara, sau da yawa bayan tsoro ko wata mummunar haɗuwa a baya, kuma tana warkewa. Mu kan ce namijin dare ne ya aure ta, a kama hayaƙi da ruƙiyya.

Ba ina cewa kowace matsala a zuciya take ba. Ciwon suga da hawan jini na lalata jijiyoyin da ke kai jini, har raunin mazakuta kan zama alamar farko ta ciwon zuciya da ke tafe. Shi ya sa ƙullin mai amsa-kuwwa ke ba ni tsoro. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi kan magungunan ƙarfin maza da ake kira na gargajiya alhali an zuba musu sinadarin Bature, wato sildenafil, ba awo ba ƙa'ida. Mai ciwon zuciya da ke shan wasu magungunan buɗe jijiya in ya haɗa da wannan, jininsa na iya faɗuwa warwas. A ɓangaren mata kuwa kasuwar ta fi haka girma: tsimi, gumba, kazar amarya, haɗin matsi. Wasu abinci ne kawai, dabino da aya da zuma, ba su da laifi. Waɗanda ake cusawa a jiki su ne bala'in, suna ƙona fata su buɗe wa cuta ƙofa.

Ana yawan cewa kunya ce ta hana Bahaushe sanin waɗannan abubuwa. Ban gamsu ba. Yaron da ya zauna a zaure gaban malam ya karanta Ahalari da Ishmawi ya san bambancin maniyyi da maziyyi da wadiyyi tun bai yi gemu ba. Risala ta yi maganar mijin da ya kasa kusantar matarsa, ta ce a ba shi wa'adin shekara guda, in bai warke ba matar na da damar rabuwa. Nana A'isha ta yaba wa matan Madina saboda kunya ba ta hana su tambayar addini ba. Kalmomin muna da su, hukuncin muna da shi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda zai zauna ya saurara, bai yi dariya ba, bai yi wa'azi ba, bai kuma ciro kwalba ya ce dubu biyar ba.

An taɓa samun irin wannan mai sauraro, kuma a maƙwabtan Birnin Gwari aka yi, a garin Giwa. A 1949 wani masanin halayyar al'umma ɗan ƙasar Jamaika, M. G. Smith, yana bincike a ƙasar Zazzau. Shi ma ya ci karo da katangar da Masters ya ci karo da ita: namiji ne, iyakarsa zaure. Matarsa Mary, wadda ta iya Hausa, ita ke shiga cikin gida. A nan ta haɗu da wata tsohuwa, Baba, mutuniyar Karo, wadda aka haifa wajen 1877. Daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, kimanin mako shida, Baba na magana Mary na rubutawa. Baba ta yi aure huɗu, ba ta taɓa haihuwa ba, ta riƙi 'ya'yan wasu. Ta yi bayanin tsarance da ƙawance, da auren zumunta da yarinya ba ta so, da kishi, da yadda mace ke kashe aurenta, da zaman karuwai da 'yan bori, ba ɓoye-ɓoye ba kuma batsa. Ba ta ga na'ura ko ɗaya ba, amma har yau duk mai son sanin rayuwar matan Hausa ta wancan zamani sai ya bi ta kanta.

Wanda ya zo da awo shi ne Farfesa Kelsey Harrison na Jami'ar Ahmadu Bello, shi ma likitan mata da haihuwa. Shi da abokan aikinsa sun bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitin Zariya a ƙarshen shekarun 1970, sakamakon ya fito a 1985, ya nuna cewa matan da ba su je awo ba da 'yan matan da ƙugunsu bai gama girma ba su ne suka fi mutuwa wurin haihuwa. A Babbar Ruga ta Katsina kuma Dakta Kees Waaldijk, mutumin Holan, ya shafe shekaru yana ɗinke matan da doguwar naƙuda ko yankan gishiri suka bar su da yoyon fitsari. Waɗannan duk bincike ne kan abin da ake jin nauyin faɗa, kuma an yi su a ƙasar Hausa ba tare da an tuɓe kowa don kallo ba.

Akwai wani wuri a labarin Baba da ke sa gabana faɗuwa. Ta ba da labarin mahara da suka kwashe mata daga danginta, da yadda aka yi ta tara wuri don biyan fansa. Mutumin Birnin Gwari ba ya buƙatar a fassara masa wannan. Fiye da shekara goma dajin Kamuku da na Kuyambana suna hannun 'yan bindiga, hanyar Kaduna mai kilomita ɗari da 'yan kai ta zama sai da rakiyar soja, a Gwaska kaɗai an kashe mutane fiye da arba'in a watan Mayun 2018. Tun sulhun da gwamnatin Uba Sani ta ƙulla a ƙarshen 2024 an sake buɗe kasuwar kara, motoci sun dawo hanya. An ƙirga gawarwaki, an ƙirga shanu, an ƙirga buhunan masara. Matan da suka yi wata uku ko biyar a daji suka dawo fa?

Yadda ake tarbarsu kusan iri ɗaya ne. Mata su cika tsakar gida, "Sannu, an auna arziki. Allah ya kiyaye gaba." A dafa mata ruwan zafi, a dama kunu. Uwar miji ta ce, "To, 'yar nan, abin da ya wuce ya wuce, kada in ji kin ɗaga maganar." Mijin, wanda ya sayar da gona ya biya fansa, ya sunkuyar da kai, shi bai tambaya ba, ita ba ta faɗa ba. Daga nan sai dare ya yi, su biyu a ɗaki ɗaya, kowa na kallon bango. In jikinta ya ƙi shi, a ce aljanin daji ne ya biyo ta. In shi ne ya kasa, ya nufi bayan motar mai amsa-kuwwa.

Likitanci na da abin yi a nan, amma yana da agogo. Maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, a sha na kwana 28. Na hana ɗaukar ciki bai wuce kwana biyar ba. Wadda aka riƙe watanni ta wuce waɗannan duka, saura gwaji da maganin cututtukan sanyi da kula da ciki in ya shiga, sai kuma doguwar jinyar zuciya. Jihar Kaduna ta buɗe cibiyoyin Salama don waɗanda aka yi wa fyaɗe, a Kaduna da Zariya da Kafanchan, a 2020 kuma ta yi dokar dandaƙe masu fyaɗe. Sai dai matar Kuyello ko Dogon Dawa da za ta je Kaduna sai ta nemi kuɗin mota da izinin miji, sannan ta gaya masa dalili. Dalilin kuwa shi ne abin da aka ce kada ta ɗaga. A ganina ungozoma da malamar asibiti da malamar Islamiyya da ke cikin garin, in an koya musu yadda ake sauraro da abin da za su duba, sun fi kowane sabon gini saurin kai wa gare ta. Mijin ma yana buƙatar namiji ɗan uwansa da zai zauna da shi. Wannan dai shi ne tsarin mutum biyu na St. Louis, kuma bai ci karo da shari'a ko al'ada ba.

Masu shirya fim a Kano za su ce irin wannan labari ba ya wuce hukumar tace fina-finai, wadda aka kafa a 2001. Suna da hujja: a 2016, shekarar da wasan Amurkan ya ƙare, aka kori Rahama Sadau daga masana'antar saboda runguma a bidiyon waƙa. Amma da za su waiwayi Giwa, babu abin da almakashi zai yanka. Hunturun 1949, Bature na zaune a zaure da maza ana ba shi labarin sarauta da haraji. Kyamara ta bar shi nan ta bi matarsa ta shige cikin gida, ta wuce rumbu da turmi, ta tarar da tsohuwa a kan tabarma tana kaɗi. Baturiya ta buɗe littafi. Tsohuwa ta kori yara, ta gyara zama, ta fara da auren fari. Baba ta rasu a 1951, shekara uku kafin a buga littafin a Landan.