Maganin Dawanau Ba Ya Mai Da Mutum Gunki

"Kar ku kai shi Dawanau, gunki za su maido muku." Daga Lakwaya har kasuwar Gwarzo, har Kabo, wannan magana ta zama ruwan dare, kuma wallahi ta ishe ni. Yaro ya daina barci, yana jin muryoyin da ba mai jin su sai shi, yana rantsuwa maƙwabta sun yi masa sammu, sai wani ya hana a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, wai ɗan wane da aka kai ya dawo a sanƙare.

Ba ƙarya suka gani ba, fassararsu ce ta kuskure. Tsofaffin magungunan taɓin hankali irin su Largactil da Haldol kan sa jiki ya sanƙare, hannu na rawa, yawu na dalala, mutum na jan ƙafa. Wani ma wuyansa ya karkace, harshe ya yi nauyi. Wannan ba ƙwaƙwalwa ce ta lalace ba, illar magani ce da kowane likitan ƙwaƙwalwa ya sani, kuma tana da gyara: ya rage yawan maganin, ko ya canza shi, ko ya haɗa da mai sake jiki. Amma me muke yi? A jefa ƙwayoyin a masai, a ce asibiti ta gaza, a nemo mari. Ciwon ya dawo ya fi na da. Mun manta da abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a 2019, mutane wajen 300, wasu da sarƙa a ƙafa?

Rashin gamsuwa da asibiti ba mu kaɗai ba ne. A Ingila wani bincike da aka wallafa a 2012 ya gano baƙaƙen fata 'yan asalin Karibiyan ba su gamsu da maganinsu kamar Turawa ba, ba su ma yarda daidai ake yi musu ba. A can, in aka auna da yawan kowace al'umma, yadda ake tsare baƙaƙen fata a asibiti bisa tilas ya ninka na Turawa fiye da sau 3. Wanda aka kawo a ɗaure, ba a saurare shi ba, yaya zai yarda da ƙwaya? To ka duba Bafulatanin da aka ɗauko daga ruga, Hausarsa ta ciniki ce kawai, ana so ya bayyana abin da ke kai-komo a kansa. Sai ya ce "to", ya fita, bai sake komawa ba. Tun 1954 likitan ƙwaƙwalwa Farfesa Lambo ya gane haka a Aro ta Abeokuta, ya zaunar da marasa lafiya a ƙauyuka tare da danginsu. 

Saboda haka in za ku je Dawanau ko asibitin Malam Aminu Kano, ku tafi da wanda ke kwana da mara lafiyar, in Fillanci ne harshensa a tafi da mai yi masa tafinta. Ku tambayi sunan maganin, da illarsa, da ranar dawowa. Ba rashin kunya ba ne. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ba mara lafiya haƙƙin a yi masa bayani. In jiki ya sanƙare a koma da wuri, ko a fara tsayawa babban asibitin Gwarzo. Kar a sayo Exol, wato maganin sake jikin, a kemis ba da takardar likita ba, kun san yadda matasa suka mai da shi. Mai ƙin haɗiyar ƙwaya a tambaya masa allurar wata-wata. Addu'a da ruƙiyya a ci gaba da yi, amma ba duka, ba mari, kuma ba a tsayar da magani don an ga sauƙi sai likita ya ce.