TSUNTSAYEN TABKIN MADARUMFA: SU WA NE, DAGA INA SUKE?

Ƴan uwa manoma, wanda ya tashi daga unguwar Zariya ta Maraɗi, ya bi ta Jiratawa ya yi kudu, zai isa tabkin Madarumfa. Tafiyar ba ta wuce kilomita 25 ba. Masunta suna kama tarwaɗa da karfasa a ciki. Makiyaya suna shayar da bisashe. Tsuntsaye kuma suna sauka da yawa. Mu san su, domin suna da amfani gare mu.

Ƴan gida

Akwai tsuntsayen da ake gani kusan duk shekara. Balbela tana bin shanu tana cin ƙwari. Zalɓe yana tsaye cikin ruwa yana jiran kifi. Kirinjijiya tana tashi garke-garke da kukanta kamar fito. Dinya ta fi su girma. Gauraka kuwa ya yi wuyar gani. Ya ragu ƙwarai a Nijar da Nijeriya, saboda kamu da bushewar fadamu.

Baƙin lokacin ɗari

Bayan an gama girbin hatsi, wasu ƙananan agwagin ruwa suna isowa, tare da tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da ke kiwo cikin laka. Daga Turai da Rasha suke zuwa. Can sanyi yana daskarar da ruwa, abinci ya ƙare. Sai su ƙetare teku da hamadar Sahara, su sauka a tabkunanmu. Wajen watan Maris su koma ƙasarsu su yi ƙwai.

Baƙuwar damina

Shamuwa ita kuma tana zuwa gab da saukar ruwan farko. Tana yin sheƙa bisa itatuwan gari, a Tibiri da sauran ƙauyukan gulbi. In damina ta wuce, sai ta yi kudu da nisa, har ƙasar Tanzaniya. Babban abincinta fara da tsutsa. Farar da shamuwa ta cinye ba za ta ci hatsinka ba. Iyayenmu da suka hana yara jifarta sun san abin da suke yi.

Me ya sa ake ƙirga su?

A shekara ta 1971, ƙasashen duniya sun taru a garin Ramsar na ƙasar Iran. Sun yi alkawalin kiyaye tabkuna da fadamu. Nijar ta shiga alkawalin a 1987. A 2019 aka sa tabkin Madarumfa cikin jerin wuraren da ake kiyayewa. Faɗin wurin ya fi hekta 500.

Kowane watan Janairu, masana a ƙasashe da yawa suna fita su ƙirga tsuntsayen ruwa. Tsuntsu ba ya zama inda babu abinci. In sun yi yawa, tabki yana da lafiya. In suna raguwa shekara bayan shekara, tabki yana ciwo. Ciwon da ya kori zalɓe, shi zai rage kifin masunci.

Babban ciwon tabki shi ne rairayi. In an sare itatuwan kewaye, ruwan sama yana kwaso ƙasa ya zuba ciki. Tabki ya rage zurfi, ya ƙafe da wuri.

Abin da za mu yi

1. Kada mu sare itatuwan bakin tabki. Mu dasa wasu.
2. Kada mu wanke gwangwanin maganin ƙwari cikin ruwa. Guba tana kashe kifi da tsuntsu, tana cutar mutum.
3. Mu hana yara kwasar ƙwai da fasa sheƙa.
4. Farauta tana da doka, ta shekara ta 1998. Sai da takardar izini.
5. In mun ga zobe mai lamba a ƙafar mataccen tsuntsu, mu gaya wa ma'aikatan gandun daji. Lambar tana nuna ƙasar da aka sa masa shi.
6. In mun tarar da tsuntsaye da yawa sun mutu, kada mu taɓa, kada mu ci. Mu sanar da likitan dabbobi. Murar tsuntsaye ta shigo Magariya a 2006, kaji da yawa sun salwanta.

Kai da ka iya karatu, karanta wa maƙwabcinka wannan. Ku tattauna shi a ajin yaƙi da jahilci.