Ƴan Damben da Kalangu Bai Kai Gare Su Ba

In hirar damben da ta tashi a majalisar dattawa a Jangebe ko Talata Mafara ko Bakura, sunayen da ke fara fitowa sanannu ne: Shago, Ɗandunawa, Ado Ɗan Kware. Jarumtarsu ba abin musu ba ce. Sai dai akwai abin da ya haɗa su ban da ƙarfin hannu, wato dukansu sun shiga bakin Muhammadu Bawa Ɗan Anace, makaɗin ƙasar Sakkwato, muryarsa kuma ta shiga rediyo da kaset. A zamanin da suka yi tashe, kusan kowane gari mai kasuwa da mahauta yana da nasa gwani, wanda ya yi shekaru yana sa zare da baƙi yana kare sunan garinsu. Yawancin waɗannan sun tsufa ko sun rasu, sunayensu kuma na bin su ɗaya bayan ɗaya. Wannan mantuwa tana da dalilai, kuma tana da abin da take jawo wa damben kansa.

Dalili na farko shi ne yadda aka gaji ajiye tarihin wasan. Dambe ya taso a hannun mahauta, ana yin sa da kaka bayan an kai amfanin gona gida, kalangu na tashi, ɗan dambe na kirari. Babu mai zama da alƙalami yana rubuta wa ya kashe wa, ko a turmi na nawa. Makaɗi ne ma'ajiyar labari, shi kuwa makaɗi sana'a yake yi. Yana bin wanda taro ke bi, wanda masoyansa ke da abin kyauta a aljihu. Wanda ya yi dambensa a ƙauye, nesa da hanyar mota, ko ya fi kowa iya nushi, kirarinsa yakan tsaya a bakin ɗan ƙaramin makaɗin garinsu wanda ba a taɓa ɗaukar muryarsa ba. Ranar da makaɗin ya kwanta dama, labarin ya bi shi.

Dalili na biyu shi ne irin damben da ido ke so. Ɗan kallo kisa yake biyan kuɗi ya gani. Amma duk wanda ya san wasan ya san akwai wani gwani na daban, mai tsaro, wanda zai yi turmi uku da babban ɗan dambe a tashi babu kisa, gobe ya sake shiga da wani. Irin wannan mutum shi ke gwada ko sabon tauraro na gaske ne. Shi ne kuma sau da yawa ke zama da yara yana koya musu naɗin kara da tsayuwa da yadda ake kare fuska da hannun da ba a naɗe ba. A ganina wannan ne mutumin da aka fi zalunta a tarihin dambe, domin aikinsa ba ya shiga waƙa. Wa zai yi wa canjaras kiɗa?

Sai a kwatanta da wasu wasanni. A Amurka ana buga wata ƙwallo ta karo da ture, wadda ake ruga wa da gudu riƙe a hannu. Wani ɗan Najeriya haifaffen Inugu, Christian Okoye, ya buga wa ƙungiyar Kansas City Chiefs daga 1987 zuwa 1992, yana aikin ɗaukar ƙwallo ya kutsa cikin ƙarti. A 1989 ya fi kowa nisan gudu da ƙwallo a gasar ƙasar baki ɗaya, yadi 1,480. Raunin jiki ya sa ya ajiye wasa da wuri, kamar yadda ake yawan gani ga masu wannan matsayi. Duk da haka, wanda ya ga ba a ba shi haƙƙinsa ba yana iya buɗe lissafi yau ya kafa hujja, domin an rubuta kowane wasa. Ba sai an je nesa haka ba ma. A Nijar, tun 1975 ake gasar takobi ta kokawa, an san Kantu na Maraɗi ne ya fara ɗauka a Tawa, filin kokawar Maraɗi kuma sunansa yake ɗauke da shi. Yaron Damagaram na iya jero maka sarakunan kokawa har zuwa kan Isaka Isaka na Doso. Namu ɗan damben, in an raina shi, ba shi da takardar da wani zai ɗaga a madadinsa.

Dalili na uku ya fi zafi, kuma na wannan yanki ne. Damben kaka yana buƙatar dare mai kwanciyar hankali da hanya mai lafiya. Tun da ta'addancin ƴan bindiga ya game Zamfara, taron dare a ƙauye ya zama kasada. Sunan Jangebe ya zagaya duniya ne ranar 26 ga Fabrairu 2021, da aka kwashe ɗalibai mata daga makarantar sakandaren gwamnati ta garin, aka sako 279 a farkon Maris. A Satumba na shekarar, gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako ta kuma hana safarar dabbobi, aka katse layukan waya. An ɗauki matakan ne don tsaro, amma sun faɗa kan mahauta kai tsaye, su ne kuwa gidan dambe. Inda babu kasuwa babu fawa, inda babu fawa Sarkin Fawa ba shi da abin tarar baƙi. Filin da tsohon ɗan dambe ke zama a gefe ana nuna shi ga yara ana cewa wane ne wannan, shi ne ya yi ƙaranci.

Wasan dai bai mutu ba, ƙaura ya yi. Matasan yankin masu hannu sun bi gidajen dambe na birane, irin na Ali Zuma da ke Dei-Dei a Abuja da na Kano, inda ake shiga da kuɗi, ana karawa tsakanin Arewa da Kudu da Guramaɗa, wani lokaci a sa mota ko babur. Tashar Dambe Warriors a YouTube da kamfanin African Warriors sun kai wasan gaban masu kallo a ƙasashen da ba su san Hausa ba. Wannan ci gaba ne, domin yanzu ana da hoton wasanni a ajiye. Ƴan dambe irin su Ebola da Ali Ƙanin Bello da Dogo Mai Takwasara ba za su ɓata irin ɓatan na da ba. Amma waya ta gaji halin makaɗi, har ta fi shi. Abin da ke yawo a Facebook da TikTok shi ne daƙiƙun da mutum ya faɗi. Yaro mai tasowa ya gane haka, sai ya shiga fili yana neman kisa ko ta halin ƙaƙa, ya yi watsi da tsaro, ya ƙare da wuri.

Illar ta fi bayyana a rayuwar tsofaffin. Ɗan dambe ba shi da fansho. Abin da al'ada ta tanada masa shi ne ajo, a shirya wasa da sunansa, abokan sana'a da masoya su tara masa abin da ya samu. Ajo kuwa suna yake bi. Mai suna ya tara jama'a, wanda ba a yi wa waƙa ba ya koma teburin nama ko gona da yatsu a karye da ido mai rauni, ga gonar ma ba kullum take shiguwa ba.

Abu ɗaya da ya rage yana riƙe sunayen shi ne al'adar laƙabi. Yaro kan shiga fili a matsayin Shagon wane, Autan wane, Bahagon wane ko Garkuwan wane, ya ɗauki sunan maigidansa ya kai shi Abuja da Legas. Wannan kan riƙe suna tsawon zamani ɗaya ko biyu, amma ba ya faɗin da wa maigidan ya kara ko a wane gari. Masu wannan bayani suna nan a raye a rumfunan mahauta na Mafara da Maradun. Sashen nazarin Hausa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Tarayya ta Gusau suna da ɗaliban da aka haifa a waɗannan garuruwa, kowanne da waya mai ɗaukar murya a aljihunsa, tsofaffin kuma suna raguwa kowace shekara.