Targaɗen Idon Sawu: Tsakanin Allurar Sinawa da Tsayuwar Langa

Da wuya zangon karatu ya ƙare a makarantar sakandare ba a ɗauko wani ɗalibi daga filin ƙwallo yana ɗingishi ba. Ya yi tsalle ya dira a gefen ƙafa, ko ya taka rami, sai tafin sawu ya lanƙwashe ciki, nan da nan idon sawu ya haye. Wannan shi ne targaɗe. Abin da ya fi damun masana game da shi kuwa shi ne yawan komowarsa, domin ƙafar da ta taɓa gurɗewa ita ce ta fi saurin sake gurɗewa, har wasu su daina wasa ɗungum.

A gefen waje na idon sawu akwai wasu jijiyoyi uku masu tauri waɗanda aikinsu shi ne ɗaure ƙashi da ƙashi. Idan ƙafa ta gurɗe, ta gaba daga cikinsu ce ta fi jin jiki. Wani lokaci miƙewa kurum take yi fiye da kima, wani lokaci ta ɗan yage, in abin ya yi tsanani kuma ta tsinke gaba ɗaya. Jini da ruwa su taru a wurin, shi ne kumburin da ake gani.

Daga cikin hanyoyin da ake bi wajen jinyar wannan rauni akwai tsira allura irin ta mutanen ƙasar Sin, wadda ake kira akufanca. Kada mai karatu ya ɗauka sakiya ce, domin ba a ƙona allurar, ba a kuma fitar da komai daga jiki. Allurai ne sirara kamar gashi, ana kafa su a wasu wurare na musamman a bar su na ɗan lokaci. Tsofaffin littattafan likitancin Sinawa, waɗanda suka haura shekara 2,000, sun ce akwai wani ƙarfi da ke gudana ta hanyoyi a cikin jiki, allurar kuma ita ke buɗe inda ya toshe. Masu nazarin ƙirar jiki ba su ga waɗannan hanyoyi ba. Sana'ar ta yi suna a Amurka a shekarar 1971, bayan da ɗan jarida James Reston ya ba da labarin yadda aka rage masa zogi da ita a birnin Beijing bayan an yi masa tiyata. A cikin shekarun da suka biyo baya aka gano cewa jiki na samar da sinadaransa na kashe zafi, irin su endofin, kuma akwai alamun sukar allura na iya tsokano su.

To, amma rage zogi daban, warkar da jijiya daban. A shekarar 2014 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace binciken likitanci, ta tattara gwaje-gwaje 20 da aka yi kan mutum 2,012 masu sabon targaɗe, akasarinsu a ƙasar Sin. Hukuncin da ta yanke shi ne ba su ba da tabbatacciyar hujja ba kan amfanin allurar ko rashin illarta, saboda yawancinsu ba a tsara su da kyau ba. Matsalar a fili take: targaɗe mai sauƙi yana lafawa da kansa cikin mako ɗaya ko biyu, don haka duk abin da aka yi wa majinyaci a wannan tsakani shi zai sha yabo, ko allura ce, ko man zafi, ko jan da maɗori ya yi.

Ita ma jinyar asibiti ta sauya. A 1978 wani likitan 'yan wasa a Amurka, Gabe Mirkin, ya yaɗa dokar hutu da ƙanƙara da ɗaurin bandeji da ɗaga ƙafa. A 2014 shi da kansa ya dawo ya ce yawan ƙanƙara da doguwar kwanciya na iya jinkirta warkewa. Abin da ake bi yanzu shi ne a kāre gaɓar na 'yan kwanaki, sannan a fara taka ƙafar gwargwadon yadda zafi ya bari.

Sirrin komowar targaɗe kuwa wani likitan ƙashi a Ingila, Michael Freeman, ya yi bayaninsa tun 1965. A cikin waɗannan jijiyoyi akwai 'yan mitsi-mitsin masu kai rahoto, waɗanda ke sanar da ƙwaƙwalwa yadda ƙafa ta zauna ko da ido na rufe. Idan jijiya ta yage, rahoton sai ya riƙa zuwa a makare, ƙafa ta karkace kafin tsoka ta kai ɗauki. Kumburi zai sace, zafi ya tafi, amma wannan naƙasu yana nan a ɓoye. Maganinsa horo ne. A sashen gashi da motsa jiki na asibiti sukan fara da sa majinyaci ya riƙa zana haruffa a iska da babban yatsansa, sannan ya yi ɗage, sannan ya tsaya da ƙafa ɗaya kamar mai shirin langa, na daƙiƙa 30, da farko ido buɗe, daga baya a rufe, daga nan a kan matashi ko katako mai lilo. Ana ɗaukar makonni ana yi, kuma bincike ya nuna yana rage sake gurɗewa ƙwarai. Abin takaici, a nan ne akasarin matasa ke gajiya, da zarar sun daina ɗingishi sai fili.

Saura tambayar da ke gaban malamin wasanni tun a bakin fili: targaɗe ne ko karaya? Likitocin birnin Ottawa na ƙasar Kanada sun fitar da ma'auni a 1992. Idan ɗalibi ya kasa yin taku huɗu a kan ƙafar, ko kuma ya ji zafi sosai in an danna ƙashin idon sawu ta bayansa ko ta ƙasansa, to a kai shi asibiti a ɗauki hoton ƙashi kafin kowa ya ja ƙafar ko ya soka mata allura.